Kowa Ya Ce "Haka Ne", Aka Faɗa Rami: Tambayoyi da Amsoshi Kan Biye wa Taro

Duk wanda ya taɓa zama a kwamiti, ko taron dangi, ko zaman wurin aiki, ya san wannan lokacin. Shugaba ya gama bayani, ya ɗaga kai ya ce, "Akwai mai magana?" Sai ɗaki ya yi tsit. A ranka akwai abin da bai kwanta maka ba, amma ka duba dama ka duba hagu, ka ga kowa na gyaɗa kai, sai kai ma ka gyaɗa. Tambayoyin da ke ƙasa duk a kan wannan shirun suke: daga ina yake zuwa, wace ɓarna yake yi, kuma yaya ake karya shi.

Me ake nufi da biye wa taro? Ba shi ne shawara ba?

A'a, ko da yake daga nesa kamanninsu ɗaya: an zauna, an tattauna, an tashi baki ya zo ɗaya. A shawara, kowa yakan kawo abin da ya sani a zube a faifai, a tankaɗe a rairaye. A biye wa taro kuwa, mutum yakan bar abin da ya sani a cikinsa, ya ɗauki abin da ya ga jama'a sun karkata a kai, don gudun kada ya zama saniyar ware. Mutum goma ne a ɗakin, amma kai ɗaya ne ya yi tunani, tara suka amsa.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Yale ta Amurka, Irving Janis, ya fitar da littafi a 1972 a kan wannan. Abin da ya dame shi shi ne yadda mutane masu ilimi da gogewa, waɗanda kowannensu shi kaɗai ba zai yi wani kuskure ba, suke haɗuwa su tafka shi tare. Bayaninsa shi ne, idan son zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya ya rinjayi son gano gaskiya, to taro ya daina auna abu, ya koma neman amincewar juna.

Da gaske mai hankali zai musanta abin da idonsa ya gani saboda jama'a?

An gwada, kuma sakamakon bai yi wa kowa daɗi ba. A farkon shekarun 1950, Solomon Asch ya riƙa tara ɗalibai bakwai zuwa tara a ɗaki, ya ce gwajin ido za a yi. Sai a ɗaga kati mai ɗauke da layi ɗaya, da wani katin mai layuka uku, a ce kowa ya faɗi wanne daga cikin ukun ne tsawonsa ya yi daidai da na farkon. Tambayar ba ta da wuya ko kaɗan. Waɗanda aka yi wa ita su kaɗai, kuskurensu bai kai kashi 1 cikin ɗari ba.

Sirrin shi ne, duk mutanen ɗakin 'yan haɗin baki ne da Asch, ban da mutum ɗaya, wanda ake zaunar da shi kusa da ƙarshe don ya ji amsar saura kafin tasa. Zagaye 18 ake yi. A 12 daga ciki, 'yan haɗin bakin sukan faɗi amsar da ba daidai ba, ɗaya bayan ɗaya, hankali kwance, ba murmushi ba kallon juna. Ka ɗora kanka a kujerar wannan bawan Allah. Idonka na ce maka layi na biyu, mutum shida a gabanka sun ce na farko. Ka ƙanƙance ido, ka matsa gaba, ka sake duba. Ga shi layi ya zo kanka.

Daga cikin mutum 123 da Asch ya ba da rahotonsu, kusan kashi 75 cikin ɗari sun bi jama'a aƙalla sau ɗaya, kuma kimanin kashi 37 cikin ɗari na duk amsoshin da aka bayar a waɗancan zagayen bin jama'a ne. Da aka tambaye su daga baya, wasu suka ce sun san amsar ba daidai ba ce, ba sa so ne a ga sun fita daban. Wasu suka ce sun ɗauka idonsu ne ke da matsala.

Abin da ya kamata a riƙe: waɗannan baƙi ne ga juna. Babu ubangida a cikinsu, babu albashi, babu mai iya korar wani. Idan baƙin ido za su iya lanƙwasa mutum haka a kan tsawon layi, ina ga wanda abincinsa yake hannun mai jagorantar zaman, kuma batun da ake yi ba mai aunuwa da ido ba ne?

Akwai kuma ɓangaren da ke ƙarfafa gwiwa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su taɓa bin jama'a ba ko sau ɗaya. Sannan da Asch ya sa mutum ɗaya tak cikin 'yan haɗin bakin ya riƙa faɗin gaskiya, bin jama'ar ya faɗi zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yadda yake a da. Wannan binciken zan sake komawa kansa, domin a ganina shi ne mafi amfani a duk abin da aka gano.

To me ke sa mu yin haka?

Abu biyu, kuma sau da yawa tare suke zuwa. Na farko tsoro: kada a ce ka cika taurin kai, kada a ce kana neman suna, kada gobe a yi zama ba a kira ka ba. Ɗan Adam da jama'a yake rayuwa, kuma wariya tana da zafi na gaske. Na biyun ya fi wuyar ganewa, domin kama da tawali'u yake yi. Ka ce wa kanka, "Mutum takwas ba za su yi kuskure ni kaɗai in yi daidai ba. Wataƙila sun san abin da ban sani ba." Matsalar ita ce, kowane ɗaya daga cikin takwas ɗin yana iya kasancewa abin da yake gaya wa kansa ke nan.

Bibb Latané da John Darley sun nuna wannan a 1968. Suka sa ɗalibai cike takarda a ɗaki, sai hayaƙi ya fara shigowa ta wata kafa a bango. Cikin waɗanda suke zaune su kaɗai, kashi 75 cikin ɗari sun tashi sun kai rahoto. Amma da aka zaunar da mutum tare da wasu biyu da aka umarta su yi kamar ba su ga komai ba, kashi 10 ne kawai suka tashi. Sauran suna tari, suna murza ido, suna kore hayaƙin da hannu, suna ci gaba da rubutu. Kowa na karanta fuskar ɗan'uwansa don ya san ko akwai haɗari, kowa kuma ya daidaita fuskarsa don kada a ga ya firgita.

Amma ba an ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ba?

An faɗa, kuma gaskiya ne, amma da sharaɗi. A 1906, a wani bajekolin dabbobi a garin Plymouth na Ingila, an yi gasar cankar nauyin naman wani sa. Masanin ƙididdiga Francis Galton ya karɓi takardun masu canka 787 ya jera su. Cankar da ta faɗo a tsakiya ita ce laba 1,207, nauyin gaskiya kuwa laba 1,198. Jama'a a haɗe sun kusa bugawa daidai.

Sai dai ka lura da yadda aka yi gasar. Kowa ya rubuta nasa a takardarsa, bai ji na wani ba. Wanda ya zarce da wanda ya gaza suka share kuskuren juna. Da a ce wani fitaccen mahauci ya fara ɗaga murya ya faɗi lamba, da yawancin takardun nan a gefen lambarsa za su taru, in ya kauce kowa ya kauce. Yawa yana da amfani ne idan kowane kai da nasa ganin ya zo. Da zarar an fara kwafar juna, amfanin yawan ya tafi, saura ƙarfin gwiwar ƙarya da yawan ke bayarwa.

Wannan ba matsalar marasa ilimi ba ce? Manya ma suna faɗawa?

Misalin da Janis ya fi dogara da shi daga fadar shugaban Amurka ya fito. A watan Afrilun 1961, wata uku da hawan John F. Kennedy mulki, gwamnatinsa ta tura 'yan gudun hijirar Kuba kimanin 1,400, waɗanda hukumar leƙen asiri ta CIA ta horar, su sauka a gaɓar da ake kira Mashigin Aladu don kifar da shugaban Kuba, Fidel Castro. Cikin kwana uku aka murƙushe su. An kashe fiye da 100, aka kama fiye da 1,100, waɗanda sai a Disambar 1962 aka sako su bayan an ba Kuba abinci da magunguna na dala miliyan 53.

Waɗanda suka zauna suka amince da shirin suna cikin mafiya ilimi a ƙasar. Duk da haka an gina shi a kan zato iri-iri da ba a tsananta bincike a kansu ba: cewa mutanen Kuba za su yi bore su mara wa maharan baya, da cewa in abu ya ɓaci maharan za su tsere zuwa duwatsun Escambray. Duwatsun nan suna da nisan kusan kilomita 130 daga inda aka sauka, ga fadama mai wuyar ratsawa a tsakani. Taswira kaɗai ta isa ta nuna haka.

Arthur Schlesinger, masanin tarihi kuma mai ba shugaban shawara, bai yarda da shirin ba. Ya rubuta wa Kennedy takardu yana nuna adawa, amma a teburin zama sai ya taƙaita da 'yan tambayoyi marasa ƙarfi, abin da daga baya ya rubuta cewa ya zargi kansa a kai matuƙa. An kuma ruwaito cewa ƙanin shugaban, Robert Kennedy, ya ja shi gefe ya ce masa shugaba ya riga ya yanke shawara, kada ya ƙara matsawa. Irin wannan mutum, mai tare ƙofa don kada magana mara daɗi ta kai kunnen shugaba, Janis ya lissafa shi cikin alamomin biye wa taro, kuma yawanci da kyakkyawar niyya yake yi.

Gaskiya ce cewa masana da suka zo daga baya sun yi wa Janis gyara. Gwaje-gwaje ba su tabbatar da cewa shaƙuwar 'yan taro ita kaɗai tana kawo wannan ba. Abin da ya fi fitowa fili shi ne shugaban da ke bayyana abin da yake so tun farko, da taron da ya toshe kunnensa daga na waje. Ni wannan gyaran ya ƙara gamsar da ni, domin ya nuna inda za a sa hannu.

Ta yaya zan gane taronmu ya kamu?

Idan babban al'amari ya wuce cikin minti biyar ba tambaya ko ɗaya. Idan aka ɗauki shiru a matsayin amincewa. Idan wanda ya kawo shakka aka amsa masa da "kai dai ba ka son ci gaba" maimakon a amsa shakkar. Idan duk wanda ke wajen taron an mai da shi jahili ko maƙiyi. Amma babbar alama a wurina ita ce wannan: maganar da ake yi a bakin ƙofa bayan an tashi ta bambanta da wadda aka yi a ciki.

Na ga wannan da idona a wani wuri da na taɓa aiki. Za a tsayar da ranar miƙa wani aiki, ni kuwa tun dare na zauna na yi lissafi a takarda, na ga ranar da ake ambato ba za ta yiwu ba sai an ƙara makonni. Da aka zauna, shugabanmu ya faɗi ranar yana murmushi, na kusa da shi ya ce za mu iya, aka fara zagayawa. Takardar tana ƙarƙashin tafin hannuna. Kafin a zo kaina na ninke ta biyu, na sake ninkewa, na tura aljihu. Na ce ba ni da ja. Muna saukowa daga bene sai wata abokiyar aiki ta rage murya ta ce, "Malam, anya ranar nan za ta yiwu kuwa?" Na zaro takardar na nuna mata. Ta buɗe littafinta, ga lissafi kusan irin nawa. Kafin yamma mun gano mu huɗu ne cikin tara muke da wannan shakkar. Aikin an yi shi a gaggauce, aka dawo da shi, aka sake. Har yau in na tuna, ninke takardar nan ne yake ci mini rai, domin da na buɗe ta, mutum uku suna jiran wanda zai fara.

An taɓa rasa rayuka saboda wannan?

An rasa. Ranar 28 ga Janairun 1986, kumbon Challenger na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai da ke ciki suka mutu, har da malamar makaranta Christa McAuliffe. Sanadin shi ne wani zoben roba da ke toshe mahaɗar rokar da ke cilla kumbon, wanda sanyi ya sa ya ƙage bai toshe ba.

Injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, wanda ya ƙera rokar, sun san da matsalar. Ɗaya daga cikinsu, Roger Boisjoly, ya rubuta gargaɗi tun watan Yulin 1985. A daren jajiberin tashin, an yi taro ta waya tsakanin kamfanin da NASA, injiniyoyin suka ba da shawarar kada a tashi idan awon yanayi ya sauka ƙasa da kimanin digiri 12 a ma'aunin Salshiyos, alhali ana hasashen sanyin da ya fi haka nesa ba kusa ba. Jami'an NASA suka nuna rashin jin daɗi. Manyan kamfanin suka nemi a ba su 'yan mintoci su yi shawara a tsakaninsu. A nan Boisjoly da Arnie Thompson suka baje hotuna da zane a kan tebur suna roƙo, har suka ga ba mai sauraro suka koma kujerunsu. Wani babban manaja ya ce wa shugaban injiniyoyi ya cire hular injiniya ya sa ta manaja. Manajoji huɗu suka amince a tashi. Da aka koma kan waya aka tambaya ko akwai mai ja, ba wanda ya yi magana.

Masaniyar zamantakewa Diane Vaughan, a littafinta na 1996, ta nuna cewa abin ya girmi daren nan. Shekara da shekaru ana ganin zoben yana ɗan lalacewa, kumbo na dawowa lafiya, har aka saba da aibin aka daina ganinsa aibi. Wannan ma wani nau'in biye wa taro ne, mai tafiya a hankali: kowa ya ga kowa ya saba, sai shi ma ya saba.

Wani misalin daga jirgin sama yake. Ranar 27 ga Maris 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Dalilan suna da yawa, har da cakuɗewar magana a rediyo. Amma na'urar ɗaukar murya ta nuna cewa injiniyan jirgin KLM ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ɗin, wanda babban mai horar da matuƙa ne a kamfanin, ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, ba a sake tayar da maganar ba. Bayan wannan da wasu haɗurra irinsa, kamfanonin jirage suka fara horar da ma'aikata musamman kan yadda na ƙasa zai ƙalubalanci na sama, da yadda na sama zai saurara.

Idan an ba kowa dama ya yi magana, ba shi ke nan ba?

Bai isa ba. Garold Stasser da William Titus sun yi wani gwaji a 1985 inda suka ba ƙananan rukunoni aikin zaɓen ɗan takara mafi cancanta. Wasu bayanan kowa ya samu, wasu kuwa an rarraba su, kowa da ɗan guntunsa, ta yadda sai an haɗa guntayen za a gane wanda ya fi. Yawancin rukunonin ba su gano shi ba. Sun cinye lokacinsu suna maimaita abin da kowa ya riga ya sani, domin shi ne in ka faɗa ake gyaɗa maka kai. Abin da kai kaɗai ka sani, wanda saboda shi aka gayyace ka, shi ne ya fi wuyar fitowa daga bakinka.

Akwai kuma abin da aka lura da shi tun shekarun 1960: idan masu ra'ayi iri ɗaya suka tattauna, sukan tashi da ra'ayin da ya fi na farkon tsanani. Masu ɗan son kasada su tashi da babbar kasada, masu ɗan zargin wani su tashi sun yanke masa hukunci.

Intanet ta rage abin ko ta ƙara?

Ta ƙara masa gudu. A da sai ka shiga ɗaki kake ganin inda jama'a suka karkata, yanzu kuwa kafin ka karanta magana ka riga ka ga mutum nawa suka so ta. A 2006, Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts sun wallafa gwajin da suka yi da mutum fiye da 14,000 da waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba. Suka raba mutanen gida-gida. A gidajen da ake nuna wa mutum yawan waɗanda suka sauke kowace waƙa, wadda ta yi sa'ar samun masoya da wuri sai ta yi ta hawa, kuma waƙar da ta yi zarra a wannan gida tana iya zama ta baya a wancan. Waƙoƙin ba su canja ba, waɗanda suka fara dannawa ne suka bambanta. Haka ra'ayi yake yi a Facebook ko a zauren WhatsApp, haka zargi yake yi, haka labarin ƙarya yake yi.

Ni ne shugaba. Me zan yi?

Nauyin ya fi yawa a kanka, domin ba daidai ba ne ka shirya zama yadda faɗin gaskiya zai zama jarumta, sannan ka zargi mutane da rashin jarumta. Abu na farko, riƙe ra'ayinka sai ƙarshe. Da ka ce "ni dai ina ganin", rabin ɗakin ya daina tunani ya fara neman yadda zai goyi baya. Ka fara da mafi ƙanƙanta a muƙami, ka hau sama. In batun babba ne, kowa ya rubuta matsayinsa da dalilinsa a takarda kafin a buɗe baki, kamar masu cankar Galton. Asch ma ya ga cewa idan aka bar mutum ya rubuta amsarsa a ɓoye, bin jama'a yana raguwa sosai.

Kennedy ya ɗauki darasi. A Oktoban 1962, da aka gano makamai masu linzami na Tarayyar Sobiyet a Kuba, ya sauya salon zama. Ya riƙa ƙaurace wa wasu tarukan da gangan don mutane su saki jiki, aka kasa masu shawara rukuni-rukuni kowanne ya kare wata mafita, aka gayyato na waje. Da farko an fi karkata ga kai hari ta sama, amma cikin kwanaki 13 na rikicin aka zaɓi tare hanyar ruwa, aka kuma warware ba tare da yaƙin nukiliya ba. Mutanen kusan su ne na bara, tsarin zaman ne ya canja.

Littattafan tarihin Musulunci sun kawo cewa gab da yaƙin Badar, da Manzon Allah (SAW) ya sauka da rundunarsa a wani wuri, Hubab ɗan Munzir ya tambaye shi ko wahayi ne ya sa aka sauka a nan, ko kuwa dabarar yaƙi ce. Da aka ce masa dabara ce, sai ya ce akwai wurin da ya fi, kusa da rijiyoyin da ke dab da abokan gaba, aka kuma tashi aka koma can. Yadda aka karɓi maganarsa a gaban jama'a shi ke gaya wa na gaba ko shi ma ya buɗe baki.

Wata dabara mai sauƙi ita ce wadda masanin halayyar ɗan Adam Gary Klein ya bayyana a 2007. Kafin a zartar da shiri, ka ce wa mutane, "Mu ɗauka shekara ta zagayo, shirin nan ya rushe. Kowa ya rubuta abin da ya rusa shi." Da haka mai kawo aibi ya zama mai yin aikin da aka sa shi, ba mai neman ɓata wa shugaba rai ba. Wasu kan naɗa mutum ɗaya ya riƙa yin adawa da gangan. Yana da ɗan amfani, amma binciken Charlan Nemeth ta Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya nuna bai kai adawar gaske tasiri ba, tun da kowa ya san wasa ake yi.

Ni ƙarami ne a wurin. Yaya zan yi magana ba a ce na yi rashin kunya ba?

Ladabi da shiru ba abu ɗaya ba ne. Kana iya girmama mutum ka kuma hana shi faɗawa rami, hasali ma hanawar tana cikin girmamawa. Ka sa maganarka a siffar tambaya, kuma ka ɗora ta a kan aikin, kada ka ɗora a kan mutum: "Ranka ya daɗe, akwai abu ɗaya da ban gane ba. Idan kaza ya faru, me za mu yi?" Ka zo da abin da za a iya dubawa, lamba ko takarda ko abin da ya faru a baya, domin "raina bai kwanta ba" yana da sauƙin turewa. Ka yi magana da wuri, kafin manya su ɗaure kansu da matsayin da janyewa daga gare shi zai zama abin kunya. In kana ganin shugaba ba ya son a gyara masa a bainar jama'a, ka same shi kafin zama.

Sannan ka tuna da mutum ɗayan nan na gwajin Asch. In ka san akwai mai irin shakkarka, ku yi magana tun kafin a shiga. In kuma wani ya riga ka buɗe baki, kada ka bar shi shi kaɗai kana kallon tebur. Ko ba ka gama yarda da shi ba, cewa "a bari ya ƙarasa, maganarsa abin dubawa ce" ta isa ta canja iskar ɗakin.

Wato duk wanda ya saɓa wa jama'a shi ne mai gaskiya?

Ko kusa. Akwai waɗanda jama'a suka ƙi kuma suka zamo su ne daidai. Ignaz Semmelweis ya nuna a 1847, a wani asibitin Biyana, cewa wanke hannun likitoci da ruwan kulorin yana rage mutuwar masu jego ƙwarai, manyan likitocin zamaninsa suka yi watsi da shi. Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya sun ce ƙwayar cuta ce ke kawo yawancin gyambon ciki lokacin da ake ɗora laifin a kan damuwa da yawan sinadarin ciki, har Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984 don ya nuna, suka kuma sami kyautar Nobel a 2005. Amma abin da ya ɗaga waɗannan hujja ce da kowa zai iya gwadawa, ba saɓawar kanta ba. Masu saɓa wa jama'a su yi kuskure sun fi su yawa, kuma mai ƙin duk abin da aka faɗa don kawai an faɗa, shi ma jama'a ce ke juya shi, ta baya.

Yawancin lokaci bin abin da masana suka haɗu a kai shi ne hankali. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: da a takarda a ɓoye aka ce in rubuta, abin da zan rubuta ke nan? In amsar e ce, yardarka ta gaske ce.

Idan na faɗa aka ƙi ji fa?

Zai faru, kuma ba zan ce maka ba ya da tsada ba. Idan batun na zaɓi ne tsakanin hanyoyi biyu masu kyau, ka faɗi naka sarai, ka nemi a rubuta shi a bayanan zama, sannan ka ba da haɗin kai da zuciya ɗaya, ba tare da zagon ƙasa ba. Taro yana da haƙƙin ya saurare ka ya kuma zaɓi wani abu. Amma idan rai ne a ciki, ko zalunci, ko cin amana, to kada ka sa hannu, kuma ka kai maganar gaba.

A daren Challenger, Allan McDonald, wakilin Morton Thiokol a wurin harba kumbon, ya ƙi sa hannu a takardar amincewa, sai da aka aiko da sa hannun wani manaja daga masana'antar kamfanin. Shi da Boisjoly sun faɗi abin da ya faru a gaban kwamitin binciken da shugaban ƙasa ya kafa, kuma sun ɗanɗana kuɗarsu: aka rage musu matsayi a wurin aiki, abokan aiki suka juya wa Boisjoly baya har ya bar kamfanin. Ya shafe sauran shekarunsa yana zagaya jami'o'i yana yi wa ɗaliban injiniya bayanin daren nan, har rasuwarsa a 2012. Takardar gargaɗin da ya rubuta a Yulin 1985 tana cikin abubuwan da kwamitin ya dogara da su. McDonald kuwa daga baya aka mayar da shi, aka ɗora shi a kan aikin sake fasalin mahaɗar rokar, kuma da sabuwar mahaɗar ce kumbon Discovery ya tashi a watan Satumbar 1988, bayan an dakatar da tashi na wata 32.